Keken da Yaya Ya Bari a Samnu

Ranar da aka kawo kayan yayana daga ƙauyen Samnu ina tsugune a ƙofar gidanmu na haya a Sabha ina wanke rigar aiki. Mai gonar da yake yi wa aiki ne ya kawo su da kansa a bayan motarsa, wani dattijo ɗan ƙasar, baƙi wuluk kamarmu, marar yawan magana. A makon nan muka binne yaya a can. Daga kan dabino ya faɗo lokacin yanka, igiyar da yake zagayawa a ƙugu ce ta tsinke. Dattijon ya sauke buhun tufafi da bargo da butar shayi, sannan ya sauke keken a hankali ya jingina shi da bango. Ya riƙe hannuna ya yi addu'a da Larabcinsu, na ce amin, ya shiga mota ya tafi. Ni kuma na koma na ƙarasa wankina.

A kwanakin nan ba na jin komai. Ina ci, ina barci, ina zuwa wurin ginin da muke zuba kankare in ɗauki kwano in hau tsani in sauko. Mutanen gidanmu suna kallona ta gefen ido suna jiran ranar da zan fashe da kuka, ni kuwa har haushinsu nake ji, don babu abin da zan ba su. Mutum ya zo ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, in ce masa na gode, a raina ina tunanin ko na kashe risho.

Keken tsoho ne, siriri, dogo, shuɗinsa ya koɗe. Yaya ya ce a ɗakin ajiyar mai gonar ya same shi, wani baƙon injiniya da ya yi aikin rijiyoyi tun da daɗewa ne ya bar shi, mai gonar ya ce ya ɗauka. Tun daga nan ya ishe mu da labarinsa. In ya kira gida, kafin ya tambayi lafiyar matarsa sai ya ba da labarin keke. Shi ne ya yi wa babanmu alkawari cewa in ya zo da damina zai kawo masa shi, don gonar Baba tana da nisa da gari, ga shi ƙafa ta fara gajiya.

Da na kira gida a kan maganar kaya, Baba bai tambayi bargo ko tufafi ba.

"Keken nan fa?"

"Yana nan, Baba."

"Ya ce zai kawo mini. Ka aiko mini da shi in hau. Kada a sake masa komai, yadda ya bar shi nake so."

Na ce to. Akwai wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗan Agadas da 'yan garinmu suka yarda da shi, shi yake kai kayan mutane gida, har da kayan mamata. Ranar Litinin zai tashi, kuma in ya tafi babu wanda ya san ranar dawowarsa, don hanyar ba kullum take buɗe ba.

Da yamma na ce bari in gwada keken. Ina taka feda da ƙarfi sai sarka ta zame, ƙafata ta tafi a banza, gwiwata ta daki kan keke. Na sauka na duba. Jerin haƙoran baya, wanda mu muke ce wa finyo, ya cinye sarai, kowane haƙori ya zama tsini kamar ƙaya. Yaya ya san keken, ya san yadda zai lallaɓa shi. Baba kuwa zai hau ne da ƙarfin manomi, a tashin farko ya kife. Kuma a garinmu mai gyaran keke ranar kasuwa kaɗai yake zuwa, kayansa bai wuce faci da famfo ba. In ba a gyara a Sabha ba, keken zai je ne ya tsaya a zaure.

Mai gyaran da muke zuwa wurinsa Bakano ne, yana da rumfar kwano a bayan kasuwa. Ni Badamagare ne, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Yana hango ni ya fara.

"Ga bayina sun iso. Yau kuma keken wa ka sato? Ku da jaki kuka saba, me ya haɗa ka da keke mai giya?"

"Na yayana ne," na ce. "Wanda ya rasu a Samnu."

Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya yi salati, ya yi mini ta'aziyya mai tsawo. Daga nan ya daina tsokanata, ya koma kirana ɗan'uwa, muryarsa ƙasa ƙasa. Na fi son da ya ci gaba da zagin, don shi kaɗai ne ya rage yana yi mini magana kamar da.

Ya cire ƙafar baya ya ɗora a cinya. Ya ce aikin ba wani abu ba ne, firiwil ne ya mutu, yanzu zai sa sabo. Firiwil shi ne sunan finyo a bakin Kanawa. Irin wanda kowa ya sani dunƙule ɗaya ne, ana murɗa shi a jikin cibiyar taya kamar murfin kwalba, kuma ɗan ƙaran nan na tik tik da keke yake yi in ka tsayar da ƙafa a cikin dunƙulen yake. Cire shi kuwa daga Kano har Damagaram hanya ɗaya ce, a kafa ƙusa a buga da guduma har ya warware. Ya kafa ƙusarsa ya buga, abin ya juya kawai yana tik tik. Ya sake bugawa, ya sake juyawa. Sai ya naɗe manyan haƙoran da tsohuwar sarka ya taka da ƙafa, ya kafa ƙusa a kan ƙaramin faifan haƙoran da ke bakin, ya ɗaga guduma da gaske. A bugu na nawa ban sani ba, ƙaramin faifan ya tsage ya fita ya faɗa cikin yashi.

Sauran kuma sai suka zame suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ƙananan zobba a tsakaninsu, suka zube a gabansa. Ashe ba dunƙule ba ne. A jikin cibiyar an bar wata 'yar gangar ƙarfe mai tsagogi a tsaye, faifan nan duk a kanta ake jera su. Ya juya gangar da yatsa, ta yi tik tik. Ƙaran a cikinta yake.

"Kaset ne," in ji shi. "Wallahi ɗan'uwa na taɓa jin labarinsa, amma ban taɓa buɗe shi ba sai yau."

Na dube shi, na dubi gudumar. Wani zafi ya taso mini, na ce yau zan ci mutuncin Bakanon nan a gaban rumfarsa. Kafin in buɗe baki zafin ya wuce, na ji ba ni da ƙarfin ko ɗaga murya. Na tsuguna na tsince zobban daga yashi ina hure su.

Ya ɗauko sabon firiwil daga kwali ya kara a bakin gangar duk da ya san ba zai shiga ba. Babu inda za a murɗa shi. Ya ce to a canza ƙafar gaba ɗaya, a sa irin ta kasuwa, ya riƙe tsohuwar. Ya ɗauko ɗaya ya gwada, ta yi gajarta, roban birki ba ya ko kai wa bakin rim. Keken dogo ne, ƙafafunsa ba irin waɗanda ake kawowa yanzu ba ne.

Ko da ta yi daidai ma da ba a yi ba. Da na ba da labari a gida, dattijon da muke kira Baffa, wanda shi ne babba a cikin 'yan garinmu da ke Sabha, ya ce ƙafar keken mamaci ba ta zama a rumfar kowa. Yaya ya bar mata da 'ya'ya mata, kafin a yi rabo ko ƙusa ce tasu ce. Abin da ya lalace a gyara, abin da aka cire a sa a buhu ya tafi tare. Haka muke yi wa kowa, in ji shi, shi ma haka yake so a yi masa.

Ranar Asabar ban je aiki ba. Na rataya ƙafar keke a kafaɗa na shiga gari. Rana ta buɗe sosai, kwalta tana tururi, motocin haya suna wucewa direbobi na leƙo ni. Shago bayan shago ina ajiye ƙafar a kan teburi in nuna gangar, mai shago ya ɗauko mini firiwil irin na Bakano, in girgiza kai, ya ce ma fish, wato babu. Wani ya ce in jefar da ita in huta. Wani ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. Ban ji ciwon ko ɗaya ba, in an ce babu sai in ɗauki kayana in yi gaba.

Can wajen jami'a aka nuna mini wani shago da yake sayar da kekunan motsa jiki na samarin gari. Mai shagon saurayi ne ɗan ƙasar, siririn gemu, hannunsa duk baƙin mai. Yana ganin gangar ya gane ta, har ya yi murmushi. Ya ɗauko kaset sabo fil ya ɗora a bakinta, ya juya, ya juya, ya ƙi zama. Sai ya jawo ni kusa ya nuna mini da tsinin biro. Tsagogin gangar yaya duk faɗinsu ɗaya. Na zamani kuwa an yi musu harshe ɗaya mai faɗi a ciki, don kada a jera faifan a karkace, kuma wannan harshen ba shi da wurin shiga a tsohuwar ganga.

"Gadim," ya ce. "Gadim wajid." Wai tsoho ne ƙwarai, an daina yin irinsa tun kafin a haife shi.

Da guntun Larabcina na tambaye shi dabara. Ya ce sai dai a nemo cibiya sabuwa daga Turabulus a sake saƙa ƙafar, kuma bai san yaushe za ta iso ba. Na ce Litinin mota za ta tashi, na gaya masa na wane ne keken da inda za shi. Ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya fito da wani kaset da aka ɗan yi amfani da shi, haƙoransa lafiya lau, ya sa a leda tare da zoben da ake ɗaure shi da shi. Ya ce sadaka ce ga mamacin, in ga ko wani zai iya yi mini wani abu da shi.

Bakano ya juya faifan a hannu ya ce in dai harshe ɗaya ne ya hana, ai harshe ana rage shi. Ranar Lahadi muka wuni a kai. Ya warware kaset ɗin ya kama faifai ɗaya ɗaya a bakin ƙarfe yana goge faffaɗan harshen da zarto, ni ina riƙe masa ina gwadawa a ganga. Aikin ya yi mini daɗi ta wata fuska, don babu wanda yake tambayata yaya haƙuri. Wajen la'asar duk suka shige, suka jeru tsaf da zobbansu. Bakano ya yi dariya, har ya manta ya ce mini bawa.

Sai ya ɗauko zoben ɗaurewa. Zoben zamani a cikin bakin ganga yake murɗuwa. Ya kara, ya juya, zoben ya yi ta yawo. Ya leƙa ciki, ya sa yatsa ya shafa, cikin sumul yake. Zaren murɗin tsohuwar gangar a waje yake, a bakinta, kuma abin da yake hawa kansa ya danne sauran shi ne ƙaramin faifan nan da guduma ta tsaga. Yana cikin buhu, gida biyu.

Muka zauna muna kallon ƙafar. In aka karkata ta, faifan duk su zubo.

"Walda," in ji Bakano.

Ban yi musu ba. Mu duk abin da ya ƙi zama walda muke kai shi, ƙofa ce, baro ne, ƙafar gado ce, har hannun butar shayi na ga an ɗiga wa wuta. Ya ce ɗigo kaɗan za a yi a baki, iya abin da zai hana faifan fitowa. Ranar kuma babu wutar lantarki a unguwar, sai aka bari sai da safe.

Litinin da hantsi wuta ta dawo. Direban ya riga ya kira ni ya ce suna lodi a garejin bakin gari, in ban zo kafin azahar ba in nemi wata motar. Mai waldar maƙwabcin Bakano ne, ƙofofin ƙarfe yake yi, bai saba da ƙananan abubuwa ba. Aka ce masa ɗigo, shi kuwa ya ga aikin mamaci ne da zai yi tafiya mai nisa, ya ce bari ya yi shi da kyau yadda ba zai taɓa saki ba. Ya zagaye bakin gangar da wuta. Hayaƙi ya fito daga ciki mai warin ƙonannen man giris, ƙarfen ya yi ja. Ya tsoma shi a bokitin ruwa ya miƙo mana yana jiran yabo.

Bakano ya mayar da ƙafar, ya ɗaga bayan keken ya juya feda ya saki. Taya tana gudu, feda ma tana gudu tare da ita. Babu tik tik. Ya kama fedar da hannu, tayar ta tsaya cik, sarka ta yi tsalle. Wuta ta shiga cikin gangar ta haɗe komai, abin da yake sakin feda in mutum ya tsayar da ƙafa ya mutu.

Ya buga, ya zuba mai, ya sake bugawa. Wayata tana ta ƙara a aljihu. Daga ƙarshe ya ce a haka abin canza giya zai tsinke sarka, ya kwance shi ya ba ni na sa a buhu, ya rage tsawon sarkar ya ɗora ta a faifan tsakiya. Na hau na zagaya bayan kasuwa. Keken yana tafiya sumul, sarka ba ta zamewa ko kaɗan. Amma da na zo tsayawa na tsayar da ƙafa, feda ta ɗaga ni daga sirdi, da ƙyar na dafa bango.

"Ɗan'uwa, ka yafe mini," in ji Bakano.

Na ce babu komai, kuma a lokacin da gaske babu komai a raina. Na tura keken har gareji. An riga an yi lodi ya yi tudu, katifu da jarkoki da buhunan dabino, mutane sun hau sama sun naɗe fuska da rawani. Aka miƙa keken aka ɗaure shi a gefe tare da buhun yaya. Na ja direban gefe na ce don Allah a gaya wa tsohon kada ya tsayar da ƙafa in yana kai, kuma ya riƙa kama birki tun da wuri. Ya ce in sha Allahu. Na tsaya har motar ta fita kwalta, sannan na tafi wurin gini na cim ma rabin yini.

Saƙon bai isa ba. A Agadas kayan suka koma wata motar, daga can wani ɗan garinmu ya karɓa, magana ta tsaya a hanya. Na nemi Baba a waya ban samu ba, don garinmu in hadari ya taso layi yakan ɗauke kwana da kwanaki. Shi ne ya kira ni wata rana da tsakar rana, ina saman bene da kwanon kankare a ka. Na sauke na koma inuwar ginshiƙi.

"Keke ya iso," ya ce. "Na hau shi har gona."

"Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya. Ya kayar da ni a gangaren kori, rafin nan da ya ƙafe, amma yashi ne, ban ji ciwo ba." Ina jin kukan awaki a bayansa. "Ina tambayarka. Keken nan ba ya barin ƙafa ta tsaya, ko a gangara sai ka yi ta tuƙi. Haka yayanka ya yi shekarun nan yana hawansa?"

"A'a Baba, ba haka yake ba. Mu ne muka kai shi gyara."

"Bai taɓa gaya mini ba," in ji shi, kamar bai ji ni ba. "Kullum in ya kira sai ya ce lafiya lau, aiki da sauƙi, keke kamar iska. Ashe haka yaron nan yake fama."

Muryarsa ta karye. Tun da aka yi rasuwar ban ji Baba ya yi kuka ba sai ranar. Na shiga yi masa bayani da sauri, finyo, ganga, harshen da aka goge, faifan da ya tsage yana cikin buhu in ya duba zai gani, mai walda da ya wuce gona da iri. Ina magana ina jin yadda take fita babu kai babu gindi. Yana ta cewa to, to, irin yadda ake ce wa mai rarrashi don ya yi shiru.

"Na ji," ya ce da na gama. "Allah ya yi maka albarka, kana so ka sanyaya mini rai ne."

"Wallahi Baba gaskiya nake faɗa maka."

"To. Ni dai zan ci gaba da hawansa a haka." Ya ja hanci. "Kai fa? Yaya naka aikin?"

Siminti ya ci tafin hannuna har ya tsattsage, wayar ma da yatsu biyu nake riƙe ta. A ƙasa shugaban aiki yana ɗaga mini hannu in sauko, injin kwaɓa yana jira. Sai a lokacin na ji ƙirjina ya yi nauyi, na zauna a kan bulo.

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Aiki da sauƙi."